Yadda za ka gane dogwud na bakin rafi: kar jan kara ya ruɗe ka, tsaga shi ka ga totuwa

Duk wanda ya taɓa zama a jihohin Amurka masu sanyi irin su Ohayo, Mishigan ko Fensilbeniya, in ya bi bakin rafi a watan Janairu ko Fabrairu lokacin da komai ya kaɗe ya yi toka-toka, zai ga wasu gajerun itatuwa sun yi cunkus a gefen ruwa, karansu ja kamar an tsoma su a zoɓo, ga farar ƙanƙara a ƙasa sai jan nan ya ƙara fitowa. To waɗannan su ake kira dogwud. Ba mu da su a gida shi ya sa ba za ka ji musu suna da Hausa ba, ni ma sunayen da zan riƙa kiransu da su a nan ni na laƙa musu don kaina.

Ni a gaban jama'a na koyi wannan karatun, kuma da kunya na koye shi. Akwai wani aikin gayya da ake yi a unguwarmu a arewacin Ohayo duk watan Maris, ana yanko rassan itatuwan bakin ruwa ana kafa su a gaɓar wani ɗan rafi da ruwa ke cinyewa, wato dai maganin zaizayar ƙasa, kamar yadda a gida ake sara reshen ararraɓi ko bini-da-zugu a kafa a shinge ya kama da kansa. Aka ce in je in yanko jan dogwud, na ce wannan ai ba wani abu ba ne, ja dai ja ne. Na shiga cikin taɓo na fi awa ɗaya na haɗo dami guda ina ta ji da kaina. Wata dattijuwa Ba'amurkiya da ta kai sa'ar mahaifiyata ta zaro kara ɗaya daga damin, ta ciro 'yar wuƙa a aljihu ta fere shi a karkace kamar mai fiƙe fensir, ta miƙo min. Ta ce ɗana duba cikin, wane launi ka gani? Na ce ruwan ƙasa ne Mama. Ta ce to ba shi aka aike ka ba, ɗan'uwansa ka kwaso. Na ce amma ai ja ne. Ta ce a waje ba.

Shikenan tun daga ranar na daina yarda da launin kara.

Bari in fara raba maka su tukuna don kar mu ruɗe a gaba. Ba dogwud ɗin nan da ake gani a hotuna nake magana a kai ba, wato itaciyar nan mai manyan fararen fure da ake shukawa a ƙofar gida wadda jihar Bajiniya ta ɗauka a matsayin furenta, wannan Cornus florida ce, bishiya ce sosai mai gindi ɗaya kuma 'ya'yanta jajaye ne. Namu na bakin rafi ba su da gindi ɗaya, kara ne da yawa ke fitowa daga ƙasa su yi duhuwa, tsayinsu yawanci mita 2 zuwa 3. Guda uku ne za ka fi cin karo da su. Akwai wanda nake kira mai siliki, Turawa suna ce masa silky dogwood, a littafin masana kuma Cornus amomum, wani Bature ɗan Ingila Philip Miller ne ya raɗa masa wannan sunan a 1768, kuma shi ne ainihin wanda nake so ka iya ganewa. Sai jan kara, wato red osier, Cornus sericea. Sai mai toka, gray dogwood, Cornus racemosa. Abin dariyar shi ne kalmar sericea ɗin nan da Latin ma'anarta mai siliki, amma ba mai silikin aka ba sunan ba, jan kara aka ba, ka ga tun daga wajen masu ilimin ma rikicin ya faro.

Kafin ka fita ka tanadi 'yar ƙaramar wuƙa mai kaifi ko reza, da takalmin ruwa mai dogon wuya, ka kuma cusa ƙafar wandonka cikin safa ko da za ka yi kama da ɗan ƙwallo, saboda kaska. Kaskar can ba irin ta shanunmu ba ce da za ka gan ta ƙatuwa, wata ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi ko ma ba ta kai ba, kuma tana ɗauke da cutar Lyme, in ka dawo gida ka duba jikinka da kyau musamman bayan gwiwa da hammata da ƙugu. Sannan ka san inda kake yanka. A gandun gwamnati irin Cuyahoga Valley doka ta hana ka yanki reshe ko ka tsinki ganye, can ido kawai za ka sa da kyamarar waya, yankan sai a filinka ko inda mai wuri ya yarje maka.

Toh, abu na farko wurin da ka same shi. Mai siliki yana son ƙafarsa a jiƙe, gaɓar rafi, bakin tafki, fadama, kwatar gefen titi da ruwa ke kwanciya, kuma yana jure 'yar inuwa. In ka ga irinsa a kan tudu busasshe a bakin gona ko gefen shinge ka fara zargin mai toka ne, don shi wannan ko'ina yana zama. Amma wuri shaida ce mai rauni, kar ka tsaya a nan.

Na biyu ka duba yadda ganye ke zama a jikin kara. Ka tuna tumfafiya ko gwaba, ganye biyu suna fitowa daga gaɓa ɗaya suna kallon juna, ɗaya dama ɗaya hagu. Haka dogwud yake. In lokacin sanyi ne babu ganye ka duba idon toho da ƙananan rassa, su ma bibbiyu suke suna fuskantar juna. Wannan kaɗai ya fitar maka da itatuwan bakin ruwa da yawa daga lissafi, misali wilo wanda shi ma karansa kan yi ja ko rawaya amma ganyensa ɗaiɗai yake fitowa, wannan sama wannan ƙasa. Akwai dogwud guda ɗaya a yankin da ya saɓa wa danginsa yake fitar da ganye ɗaiɗai, Cornus alternifolia, amma shi ya fi zama a cikin daji da gangaren kwari, rassansa hawa-hawa kamar bene, ba za ka haɗa shi da namu ba.

Yanzu ka tsinki ganye ɗaya ka ɗora a tafin hannu. Tsawonsa kamar santimita 5 zuwa 10, siffar ƙwai mai tsini a baki, gefensa sumul babu haƙora ko kaɗan, wannan ka riƙe shi da kyau. Sai jijiyoyin, su ne sa hannun dogwud. A yawancin ganyaye jijiya tana tashi daga tsakiya ta miƙe ta je ta bugi gefe, amma a nan tana tashi sai ta lanƙwasa ta bi gefen ganyen tana neman tsinin sama, kamar duk sun yi alƙawarin haɗuwa a can. A mai siliki za ka ƙirga kamar 4 zuwa 6 a kowane ɓangare, mai toka nasa ba su kai haka ba, 3 ko 4 ne kuma ganyensa ya fi siriri.

Sai gwajin da na fi so, wanda yara ma suna iya yi. Ka riƙe ganyen da hannu biyu ka karya shi a tsakiya ta faɗinsa, a hankali fa, kar ka fizge, sai ka riƙa janye ɓangarorin biyu sannu sannu. In dogwud ne za ka ga wasu fararen zare sirara kamar yanar gizo suna fitowa daga cikin jijiyoyin suna miƙewa, har rabin ganyen ya riƙa reto a iska kamar babu abin da ya riƙe shi. Ranar da na nuna wa 'yata ƙarama sai da ta ja baya, ta ce Baba tsafi ne? Na ce ba tsafi ba ne uwata, zaren da ke cikin hanyar ruwan ganyen ne yake warwarewa kamar sifirin. Ranar ganyen da ta yayyaga ya fi ashirin, sai da na ce ya isa haka a bar wa itacen na shan iska. In ka ga wannan zaren, ga ganye bibbiyu, ga jijiya mai lanƙwasa, ga gefe sumul, to ka shiga gidan dogwud, saura ka san wane ɗaki.

A nan ne wuƙa take shigowa. Ka san totuwar karan dawa, farin abin nan mai laushi da ke tsakiya wanda yara ke ƙera mota da shi? Rassan dogwud ma suna da irinta, siririya. Ka nemi reshen da ya shekara biyu, kaurin fensir, ba sabon tohon bana da ke can ƙarshe ba don shi totuwarsa ba ta gama nuna ba tana iya yi maka fari-fari ta yaudare ka. Ka fere shi a karkace ko ka tsaga shi ta tsawo. In totuwar ruwan ƙasa ce, kamar shayin da aka zuba wa madara kaɗan, mai siliki ne ba jan kara ba, sai dai ka sani ta mai toka ma takan yi ruwan ƙasa. In fara ce tas kamar auduga kuma da ɗan faɗi, jan kara ne. Wallahi wannan gwajin na minti ɗaya ya fi min duk wani hoto da manhajar waya za ta duba, don na sha ɗaukar hoton kara ɗaya sau biyu manhaja ta ba ni suna biyu daban, kuma ban ga laifinta ba, ita ma waje take gani kamar yadda na gani ranar nan.

Me ya sa launin waje ba abin dogaro ba ne? Saboda yana canzawa da rana da kuma lokaci. Jan kara a tsakiyar sanyi in yana cikin rana ja ne wur kamar an yi masa fenti, amma a watan Yuli ko in yana cikin inuwa sai ka gan shi kore-kore da ɗan ja. Shi kuma mai siliki jan nasa ya fi duhu, kalar zoɓon da ya yi kauri, wani lokaci har ya yi shunayya, amma sabon reshensa a cikin rana yana iya yin jan da za ka rantse ɗayan ne. Abin da ya fi launi amfani shi ne ka bi karan da ido har ƙasa. Jan kara yana riƙe jansa da santsinsa kusan har gindi, da 'yan ɗigo-ɗigo masu haske a warwatse kamar ƙuraje. Mai siliki kuwa yana tsufa yana komawa toka, ɓawon yana yin zane-zane a tsaye masu ruwan ƙasa kamar ƙafar da ta yi kaushi, wato sama ja ƙasa toka. Sannan ka kai ƙarshen reshe kusa da idonka ka juya shi a haske, za ka ga wani lallausan gashi kwance a jikinsa da jikin idon toho, wani fari-fari wani kalar tsatsa, har ƙarƙashin ganye ma akwai shi a kan jijiyoyi. Daga wannan gashin ya samo sunan siliki. In idonka irin nawa ne ka ɗauki hoto da waya ka zuƙo shi.

Fure ba ya raba gardama sosai, duk farare ne masu ɗan ruwan madara, ƙanana, kowanne da kunne huɗu, sun taru sun yi tsari guda. Na mai siliki da na jan kara a baje suke kamar faifai, faɗin santimita 5 ko kusa da haka, na mai toka kuma a tulluƙe yake kamar an kifa ƙaramar ƙwarya. Jan kara yana riga fure tun watan Mayu kuma yakan ƙara yin wani jefi-jefi har cikin zafi, shi ya sa za ka iya ganin fure da 'ya'ya a jikinsa lokaci ɗaya. Mai siliki sai Yuni. Ka ƙirga kunnen furen dai, huɗu ne, in ka ga biyar ka koma ka sake duba gefen ganyen.

In kuwa ka yi sa'a ka je a watan Agusta ko farkon Satumba, to ka huta da wuƙa. 'Ya'yan mai siliki shuɗaye ne, wani irin shuɗi mai ƙyalli kamar shaddar da ta fito daga karofi aka buge ta, girman ƙwayar wake ƙarama, wasu da ɗan fari-fari a gefe kamar rinin bai gama kamawa ba. Na jan kara farare ne, wani lokaci da ɗan shuɗi kaɗan. Na mai toka ma farare ne amma a kan jajayen tsinke suke zaune, ko tsuntsaye sun cinye 'ya'yan jan tsinken nan yana nan har cikin sanyi, da shi nake gane shi daga cikin mota. Sai dai ka yi sauri, shuɗayen nan ba sa daɗewa, tsuntsayen da ke shirin ƙaura kudu suna wawashe su cikin 'yan makonni. Kai kuma kar ka ce za ka ɗanɗana, ba kanya ba ce ba magarya ba, ɗaci ne da su, ka bar wa masu shi.

Akwai 'yan kama-da-wane da ya kamata ka sani. Na farko wani da ake kira arrowwood, dangin Viburnum, shi ma ganye bibbiyu, shi ma farin fure a baje, shi ma shuɗayen 'ya'ya, kuma a wuri ɗaya suke zama, wannan shi ya fi kama mutane. Amma gefen ganyensa haƙora ne zaƙo-zaƙo kamar zarto, jijiyoyinsa a miƙe suke, furensa kunne biyar. Na biyu buttonbush, wanda ke tsayawa a cikin ruwa tsundum, ganyensa sumul bibbiyu ko uku-uku, amma furensa dunƙule ne kamar ƙwallo mai tsinke-tsinke, duk wanda ya san giyayya ko tafashiya a fadamun gida yana gani zai ce ai na san wannan fuskar, kuma da gaskiyarsa don dangi ɗaya ne. Sai baƙin da aka shigo da su daga Turai da Asiya suka mamaye bakin ruwa, irin honeysuckle wanda in ka tsaga tsohon reshensa za ka tarar da rami fayau babu totuwa, 'ya'yansa kuma ja ko ruwan lemo, da buckthorn mai ƙyallin ganye wanda jijiyarsa ke ɗan lanƙwasa kamar ta dogwud amma ganyensa ɗaiɗai ne, 'ya'yansa daga ja su koma baƙi.

Wanda nake so ka ji tsoro shi ne poison sumac. A fadama yake zama shi ma, sandar ganyensa ja ce, 'ya'yansa farare-farare, ka ga mai neman jan kara zai iya kai hannu. Bambancin, ganyensa irin na darbejiya ne, wato sanda ɗaya mai ƙananan ganye 7 zuwa 13 a jere, 'ya'yan kuma a zube suke suna reto ƙasa. Shi da ƙanwarsa poison ivy mai ganye uku-uku suna da wani mai a jikinsu da in ya taɓa fata sai ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa na sati biyu ko fiye, ƙaiƙayin ƙaiƙayi koma kan masheƙiya wasa ne a kansa, kuma ko lokacin sanyi da babu ganye karan yana nan da dafinsa. Don haka kar ka taɓa yin gwajin yaga ganye ko fere kara sai ka fara tabbatar da bibbiyun nan da ido.

Wani abu kuma, in ka matsa arewa ko yamma, wajen Mishigan da Wiskonsin da Ontariyo ta Kanada, za ka haɗu da wani mai shuɗayen 'ya'ya da totuwa ruwan ƙasa amma ganyensa ya fi siriri kuma ƙarƙashinsa fari-fari, wannan Cornus obliqua ne, wasu masanan suna ɗaukarsa reshe ne na mai siliki wasu suna ware shi daban. Ni dai in na gan shi mai siliki nake ce masa in wuce, wannan rigimar ta masu digiri ce. Jan kara kuwa shi ne sarkin yawo, tun daga gabashin Kanada har Alaska da duwatsun yammacin Amurka akwai shi, kuma mutanen asali na ƙasar irin su Dakota da Ojibwe sun daɗe suna kankare ɓawonsa na ciki su busar su haɗa a abin da suke sa wa lofe, da rassan kuma ana saƙa kwando.

In ka gane mai siliki kuma kana da gaɓar da ruwa ke ci a bayan gida, dasa shi ba wuya. Tsakanin ƙarshen Nuwamba da Maris kafin toho ya buɗe ka yanki rassa masu kaurin babban yatsa, tsawon kamar santimita 60, ka fere gindin a karkace ka bar saman a daidai don kar ka mance ina ne sama, don in ka kafa shi a kife ba zai yi ba. Ka jiƙa su a bokiti kwana ɗaya ko biyu, ka huda ƙasa da guntun rodi, ka tura kashi biyu cikin uku a ciki ka taka gefen da ƙafa ƙasa ta kama shi. Barewa za ta zo ta ci tohon, wannan sai haƙuri ko ka kewaye da waya.

Damin nan nawa ma ba a zubar ba, dattijuwar ta ce a kafa su a can ƙasa wajen lanƙwasar rafin inda inuwa ta fi yawa tunda mai siliki ne, shi kuwa ya fi jan kara jure inuwa. Wasu sun mutu, da yawa sun kama, rassan da suka kwanta suka taɓa taɓo ma sun yi saiwa sun zama wasu sababbi. Shekara uku bayan nan na bi ta wurin a ƙarshen Agusta, duk layin jan kara farare, sai wajen lanƙwasar nan kaɗai ya yi shuɗi.